Ranar Da Layin Baba Tela Ya Farka

Injiniya ake ce masa, ko da yake babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Ubansa ne ya laƙaba masa don zolaya, sunan kuma ya bi shi. Shekararsa talatin da shida, sanƙo ya kama shi da wuri. Yana haya a wani ɗaki a saman shagon masu gyaran waya. A ɗakin akwai tebur, da kwamfuta, da fanka mai kuka, da kwali cike da tsofaffin wayoyin gwaji. Ba shi da ma'aikaci. Shi ne mai gida, shi ne ɗan aike.

Manhaja ɗaya ya taɓa yi wadda ta karɓu. Sunanta Littafin Awo, ta teloli ce. Tela zai auna mutum, ya sa sunansa, ya danna, ya faɗi awon da baki, waya ta riƙe muryar. Mutum goma kyauta ne. Wanda ke son fiye da goma sai ya biya kuɗin shekara daga cikin manhajar, kasuwar manhajoji ta yanki nata, ta turo masa saura. Da wannan yake cin abinci. Ba ya ƙoshi, ba ya kwana da yunwa.

Maganar murya daga ubansa ta fito. Baba Tela ya yi shekara arba'in a kan keken ɗinki. Yatsunsa sun yi kanta, gilashin waya ba ya jin su. Ya ce in dai sai ya yi rubutu a wannan abu, Injiniya ya riƙe kayansa. Aka sa murya. Sai ya kawo sharaɗi na biyu.

"Awon mutum tsiraicinsa ne. Akwai matan mutane a ciki. Ko kai ban yarda ka leƙa ba."

"Baba, ni fa na gina ta."

"Wanda ya gina mana gidan nan, ka taɓa ganinsa a ɗakin uwarka?"

Haka Injiniya ya kulle littafin kowane tela a ma'ajiya, kullewar da shi kansa ba ya iya buɗewa, ba ya iya kwafa. Makullin shi ne lambar wayar telan. Abin da yake gani daga teburinsa huɗu ne: lamba, da yawan mutanen da ke cikin littafi, da lokacin da aka buɗe shi, da ko an biya ko ba a biya ba.

Ya so ya ba uban kyauta. Tsoho ya ƙi. Ya ce shi ba ya ɗinki kyauta, ba ya karɓar kyauta. Ya biya kamar kowa. Da Injiniya ya zauna zai koya masa, bai yi minti biyar ba ya kore shi.

"Tashi, na gane. Ba jirgi ba ne."

Wata uku yana zuba awo a waya, galibi shi kaɗai a shago. Da ya gama ya ƙone littafin takarda, ya ce awo ɗaya a wuri biyu rigima ce.

Ranar da aka kai shi asibiti wayar ta ɓata, tsakanin mota da gado. Bai dawo gida ba. Injiniya ya ce zai je kamfanin layi a dawo da lambar. Ya ce gobe. Ya ce in wata ya ƙare. Mutum ne mai gobe da yawa. A gidan babu hoton Baba Tela mai motsi ko ɗaya, babu saƙon muryarsa a wayar kowa, don shi kira yake yi, ya faɗi magana uku, ya kashe. Muryarsa kaf a duniya tana cikin wannan littafi. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu. Injiniya ya san tana can a kulle, ya kwantar da hankalinsa.

Wata goma sha huɗu suka wuce.

Wata Talata da hantsi, yana shan shayi, ya buɗe shafin da ba kasafai yake buɗewa ba. Kullum shafin kuɗi yake dubawa. Wannan shi ne shafin waɗanda suka sake waya, suka danna madannin da ke cewa a maido musu abin da suka saya. Idonsa na bin lambobi, sai ya tsaya a kan wata. Bai buƙaci ya karanta ta har ƙarshe ba. Ita ce lambar farko da ya haddace a rayuwarsa.

An maido da littafin kwana tara da suka wuce. An buɗe shi jiya. An buɗe shi yau, ƙarfe bakwai da rabi, lokacin da tsoho yake ɗaga ƙyauren shago.

Ya ajiye kofin. Fanka na ta kukanta. A ƙasa wani yana cinikin gilashin waya, yana rantsuwa.

Ya duba yawan mutane. Ɗari huɗu da biyu.

Ya goge tabarau ya sake dubawa. Goma sun ragu.

Sunan na nan a wayarsa yadda yake, Baba. Bai taɓa iya goge shi ba. Ya danna. Da can wata murya ce take cewa lambar ba ta aiki. Yau sai ya ji tana ringin. Sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Aka ɗauka.

Ba a ce komai ba. Keken ɗinki ne kawai, na ƙafa, yana tafiya. Ya tsaya. Almakashi ya ci zare. Keke ya ci gaba.

"Salamu alaikum," in ji Injiniya.

Keke ya tsaya cak. Aka yi numfashi ɗaya a kunnensa. Aka kashe.

Yana zaune bai motsa ba wayar ta yi ƙara, har ta kusa suɓuce masa. Yayarsa ce.

"Kai, Injiniyan banza, bar abin da kake yi ka zo gida."

"Yaya, lafiya?"

"Da lafiya zan kira ka da safe? Ka taɓa jin na yi kewarka? Zo."

Ya tarar da su a falo. Inna na zaune a kujerarta. Yaya na tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu, ta ƙi matsowa. A kan tebur akwai baƙar leda a buɗe, da riga a shimfiɗe, doguwa, mai ruwan bula mai duhu. Sabuwa ce, alli bai gama fita daga ɗinkin ba.

"Mai babur ne ya kawo," in ji Yaya. "Ya ce saƙon mai gida ne. Na ce wane mai gidan? Ya ce shi dai haka aka ce ya faɗa, an biya shi. Juya ta ka gani."

Ya juya. Akwai aljihu a ciki, ta hagu, daidai inda Inna ke sa makullai. Hannun dama ya fi na hagu faɗi da yatsa biyu, saboda karayar da ta yi tun kafin a haife shi. Wuyan an sassauta shi ta baya. Tela ɗaya ne ya san waɗannan abubuwa, ya kuwa yi wata goma sha huɗu a ƙasa.

"Ni na ce a fitar da ita daga gidan nan," in ji Yaya. "Inna ta hana."

Inna ta shafa yadin da bayan hannu.

"Ya ce zai yi mini. Irin wannan launin ya ce. Sai ciwo ya zo."

Injiniya ya zauna a ƙasa ya yi musu bayani, yana yi wa kansa. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na sayar wa wani. Shi kuma ya ɗaure littafi da lambar waya. Duk wanda lambar ke hannunsa, in ya danna a maido, littafin zai buɗe masa. Bai taɓa tunanin lamba na iya wuce mai ita ba.

"Wato wani ƙato na can yana sauraron Baba yana faɗin ƙuguna," in ji Yaya. "Sannu da aiki, Injiniya. Allah ya ƙara basira."

Inna ba ta kula ta ba.

"Kana nufin muryarsa na can?"

"Tana can, Inna."

"Kuma ya yi magana a kaina, tunda har aka san launi."

"Da alama."

"To ina so in ji."

Tun rasuwar ba ta nemi komai a wurinsa ba, ko kuɗin magani sai Yaya ta faɗa. Ya ce mata to. Bai gaya mata goma sun ragu ba.

Ya koma ɗakinsa da zafin rai. A ransa ɓarawon ne yake goge mutanen ubansa, don ya sami wurin zuba nasa. Ya buɗe rubutun manhajar, yana neman hanyar da zai hana wannan lamba gogewa. Yana cikin nema ya ci karo da wasu sadara shida. Hannunsa ne. Har da ranar da ya rubuta su.

Shekara uku da suka wuce ne. Teloli sun gane cewa in shekara ta cika ba su biya ba, ba abin da ke faruwa. Suka daina biya. Ya yi wata biyu yana cin bashin mai shayi. Ran nan cikin fushi ya rubuta hukunci: wanda shekararsa ta ƙare, a yi masa gargaɗi kwana bakwai. Daga rana ta takwas, duk ranar da ya buɗe, a goge mutum biyar, a fara daga waɗanda aka fara sawa. Teloli suka tsorata suka biya. Bai taɓa ganin hukuncin ya hau kan kowa ba, har ya manta da shi.

Shekarar Baba Tela ta ƙare yana kabari. Muddin littafin na rufe, hukuncin na barci. Da aka buɗe ya tashi, ya ƙirga bakwai, ya fara ci.

Babu wani ɓarawo. Shi ne.

Ya ce bari ya rubuta daga teburinsa cewa lambar ta biya. Ba hali. Shekarar da wasu suka riƙa turo rasit na jabu, ya toshe wannan ƙofa da kansa. Manhajar ba ta yarda da maganar kowa sai rasit ɗin kasuwa, wanda aka yanka a cikin wayar. Ko maganarsa ba ta ji. Ya cire sadara shidan, ya tura wa kasuwa sabon zubin manhajar. Aka amsa masa cewa za a duba cikin kwana uku zuwa biyar. Ya yi lissafi da yatsu, ya daina.

Abu ɗaya ya riƙe. Tsoho mutum ne mai sa aiki gaba da gida. Lalle da manyan kwastomominsa ya fara, na gida sai daga baya.

Ya tura saƙo: Don Allah kada a sake buɗe Littafin Awo. Ni ɗan mai layin ne. Ya kira sau tara, ba a ɗauka ba.

Da la'asar wayar ta haska a kan tebur. Baba yana kira.

Ya bar ta ta yi ƙara uku kafin ya ɗauka.

"Malam," in ji wata mace, murya ƙasa-ƙasa. "Ni ban saci komai ba. Layina ne, da kuɗina na saya, takardar na nan."

"Na sani, Mama. Ba wanda ya ce kin yi sata. Ina kike in zo?"

"Ka zo da wa?"

"Ni kaɗai."

"Haka kuke cewa. Ni marayu ne a gabana. Wallahi in aka matsa mini, cire layin zan yi in karya shi in huta."

"Kada ki karya! Mama, ki saurare ni, in kika karya..."

Ta kashe. Ya sake kira, wayar a rufe.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi yana gaban kwamfuta. A kan idonsa lambar ta juya. Ɗari uku da casa'in da bakwai. Bai ji ƙarar komai ba. Mutum biyar sun tafi da muryar ubansa a bakinsu, kamar an hure fitila.

Yaya ce ta tuna hular kwanon mai babur ɗin: ruwan ɗorawa, ta tsage ta baya, an ɗinke ta da wayar ƙarfe. Injiniya ya yini yana bin matsayar masu babur. Wani ya ce ya san shi, wani ya ce ya koma tuƙin mota, wani ya ce ya ba shi na shan ruwa ya tuna. Sai ranar Alhamis da safe ya same shi a gefen gidan mai, yana wanke ƙafa.

"Rigar nan ce? Wallahi tun da na ɗauko ta gabana ke faɗuwa. Matar ta ce in ce daga mai gida. Na miƙa, 'yar gidan ta kalle ni kamar na fito daga rami."

"Kai ni."

"Ba dai rigima ba ce?"

"Kuɗinka biyu."

"Hau."

Suka ratsa gari, suka wuce 'yan katako, suka bi wani lungu da ruwan wanki ke kwance a tsakiyarsa. Mai babur ya nuna wata ƙofa mai koren labule, ya ce shi a nan zai tsaya.

Injiniya ya taka. Saura taku uku ya kai labulen, ya ji tari. Tarin nan mai hawa biyu, na farko gajere, na biyu da jan majina.

"Malamin lissafi. Tsawo arba'in da biyu. Kafaɗa sha takwas da rabi. Yana cewa cikinsa talatin da takwas ne. Ƙarya yake, a sa arba'in da ɗaya, kada a gaya masa."

Ya tsaya cak. Rana tsaka, kaji na tono a gefensa, wata rediyo na waƙa a maƙwabta, ga ubansa a bayan labule yana aiki. Ya dafa bango. Bangon da zafi.

"Hannu ashirin da biyar. A bar masa aljihun biro."

Keke ya tashi.

Ya yi sallama. Keke ya tsaya. Aka daɗe kafin a amsa.

Ɗaki ne ƙarami, rabinsa gado, rabinsa shago. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, siririya, tef a wuyanta, allura a bakin mayafi. Wayar na jingine da gwangwanin maɓallai. Tana ganinsa ta fizge ta ta ɓoye a bayanta. Sai ta ƙura masa ido.

"Kai ne ɗan. Muryarku ɗaya in kun yi sallama. Ran nan da ka kira na ɗauka shi ne. Na yini ban ci abinci ba."

"Ni ma."

Ta nuna masa wani benci. Ta ba da labari a tsaye, wayar a hannunta. Mijinta ya rasu ya bar mata keke da 'ya'ya huɗu. Ɗinkin unguwa take yi, facin wando da rage siket. Ta sayi sabon layi, tun ranar farko kira ya hana ta sakat. Ina Baba Tela, a ba ni Baba Tela. Ta gaji da cewa ba ta san shi ba. Wani direba da ke can nesa ya ce shi ba ruwansa, awonsa na cikin littafin wayar nan, zai aiko da yadi. Ta kai wayar wurin mai gyara, ya sa mata manhajar, ya danna wani wuri. Sai ga mutane ɗari huɗu, da wani tsoho yana koya mata aiki.

"Ni shekara ashirin ina ɗinki ban san ana duba yadda mutum yake tsayuwa ba. Shi ya gaya mini. Wanda ya kira sai in ce Baba ba ya nan, ni ce a kan keke. Ban ce ya mutu ba, don ban sani ba. Ban kuma tambaya ba." Ta sunkuyar da kai. "Daga baya na gane. Mai rai ba ya barin irin wannan littafi."

"Rigar fa?"

"Na ji yana cewa ya yi wa matarsa alkawari. Ya faɗi launi, ya faɗi lungu da ƙofa. Ina cin abinci da bakinsa, ba ni da inda zan biya shi. Na sayi yadi na yi."

"Ba ki ga jan rubutu ba in kin buɗe?"

"Na gani. Na ɗauka talla ce. Kullum wayar nan cikin talla take." Ta rage murya. "Amma mutane na ɓacewa, malam. In kwanta da su, in tashi babu. Na ce ko shi ne yake zuwa yana kwashe kayansa."

"Ba shi ba ne."

"To wa?"

Ya ce ta ba shi wayar, ba zai fita da ita ba, ta riƙe tasa in tana so. Ta karɓi tasa ta sa a ƙarƙashin cinya, sannan ta miƙa.

Ɗari uku da casa'in da biyu. Na yau sun riga sun tafi.

Ya sa katin bankinsa a wayarta. Bai taɓa sayen kayansa da kuɗin gaske ba. Madannin biya na can ƙasa, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Ya danna, aka kai shi wani shafi. Ya danna, aka tambaye shi ko ya tabbata. Banki ya turo lamba a wayarsa, sai da ta ɗaga cinya ta karanto masa. Abin ya yi ta juyawa.

"Wanda ya yi wannan abu ba ya son a ba shi kuɗi," in ji ta.

"Ni na yi."

Ta dube shi daga sanƙo har takalmi.

Jan rubutun ya ɓace. An biya.

Ya ja littafin zuwa sama. Sunan da ke kan gaba shi ne Mai Gidan Burodi. Ya ja ƙasa, ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ya sake hawa. Ya sake sauka.

"Mama, ina na matarsa?"

"Ai ita ce ta farko. A can sama take. Sai 'yarsa, sai ɗansa, sai wasu jikoki biyu. Su suka fara ɓacewa, tun ran Litinin. Sa'a na riga na yanka rigar."

Litinin. Kwana ɗaya kafin ya buɗe shafin. Duk gudun da ya yi, da kiran, da bin masu babur, a bayan gawa yake gudu. Tsohon da ya ce yana sa aiki gaba da gida, da gida ya fara.

Ya jingine wayar da gwangwanin maɓallai.

"Kin saurari awona?"

"Sau ɗaya."

"Me ya ce?"

Ta ɗaga kai sama tana tunani.

"Kafaɗa sha bakwai. Hannu ashirin da huɗu. Wuya sha biyar da rabi."

"Bayan awon."

"Ya yi magana mai tsawo kam. Naka ya fi na kowa tsawo, ya kai minti uku. Har ya yi dariya a wani wuri." Ta murza tef ɗin wuyanta. "Ka yafe ni, ɗan nan. Ni awo nake nema. Da na ga ba aiki ba ne, hankalina na kan keke."

"Ko kalma ɗaya?"

Ta yi ƙoƙari, an ga alama a fuskarta. Ta girgiza kai.

Bai nemi ta ba shi layin ba. Da shi take ciyar da mutum huɗu. Ya ce ta bar shi ya ɗauki muryar a tasa wayar. Ta ce na maza ya ɗauka, na mata ba ta yarda ba, matan mutane ne. Ya kalle ta. Bai yi musu ba. Suka haɗa wayoyin baki da baki a kan keke, ita tana dannawa, shi yana ɗauka, har la'asar. Mai babur ya gaji ya tafi.

Ya isa gida rana na shirin faɗuwa. Inna na zaune a falo cikin rigar. Ta yi mata yawa a kafaɗa da ƙugu, don awonta na da ne, kafin ta rame. Yaya na daga ƙofar kicin.

"Ka samo?" in ji Inna.

"Na samo muryarsa. Naki babu."

"Matar ce ta goge?"

"A'a. Ni ne."

Yaya ta buɗe baki. Inna ta ɗaga mata hannu, ta rufe.

"Kunna abin da ka samo."

Ya ajiye wayar a hannun kujera, ya koma ƙasa ya zauna. Tari ya cika falon. Yaya ta toshe baki da mayafi ta shige kicin.

Baba Tela ya auna mai gidan burodi. Ya auna direba. Ya auna wani akawu mai doron wuya, ya ce a daina yi masa kwala mai tsayi ko ya roƙa. Inna na saurare, idonta a kan ƙofa, hannunta a cikin aljihun makullai. Ba ta san ko ɗaya a cikinsu ba. Ba ta ce a tsallake ba. Falon ya fara duhu, babu wanda ya tashi ya kunna fitila.

A na goma sha huɗu, wani mai sayar da taya, tsoho na cikin faɗin tsawon wando ya tsaya. Can nesa a cikin wayar aka ji wata mace tana kira, ba a jin kalmominta sosai, sai ƙarar faranti. A gida ya yi wannan. Kujera ta yi ƙara. Ya juya daga wayar, ya ɗaga murya.

"Na ji. Ki rufe mini abincin, ina zuwa."

"To," in ji Inna.